Yi wa motar gudu kwaskwarima a gida a Sakkwato: tambayoyi da amsoshi

Shekara shida ke nan ina kwancewa da ɗaurawa a jikin wata Honda Accord ƙirar 2004, irin wadda ake kira EOD, mai giyar hannu, a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidanmu a Mabera. Ni ba makanike ba ne, sha'awa ce kawai, ranar Asabar da bayan la'asar. Masu wucewa sukan tsaya su yi tambaya, wasu kuma su biyo ni har gida. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wace mota ta dace in fara da ita?

Wadda in wani abu ya karye a jikinta da hantsi, za ka samu madadinsa a cikin gari kafin magariba. Wannan ya fi kyan jiki muhimmanci, ya fi yawan ƙarfin doki.

EOD mai silinda 4 tana da inji mai lita 2.4 da ƙarfin doki 160, kayanta kuma birjik. Mai silinda 6 ta kai doki 240, amma giyabos ɗin otomatik na 2003 da 2004 ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa, don haka a duba shi da kyau. Golf 3 tana da sauƙin kwancewa, ga ta mara nauyi. GTI ɗinta doki 115 ne, VR6 kuwa 174, in ka dace da wadda masu lodin Illela ba su gama da ita ba. BMW E46 ta fi su duka daɗin sitiyari saboda tayoyin baya ke tura ta, sai dai tankin ruwanta da mahaɗan tiyo na roba ne, kuma roba da ranar Sakkwato ba sa ga maciji. Mercedes C-Class ma akwai ta da yawa, kayanta ne da tsada.

In za ka ji tawa, ka nemi mai giyar hannu. Ta fi jure wahala, ta fi sauƙin gyara a gida, kuma a nan daɗin tuƙin yake.

Na saya. Da me zan fara, rim ko salansa?

Babu ko ɗaya. Motar da ta shekara 20 a duniya, ta sha ƙanƙarar Amurka, ta ratso Kwatano, ta yi hannu biyu ko uku a nan, ba ta ba ka ƙarfin da aka ƙera ta da shi. Aikin farko shi ne ka maido mata abin da ta rasa: baƙin mai da matatarsa, fulogi, man giya, man birki, ruwan lagireto, bel, bushin da suka tsattsage, shokozoba da ta mutu. Ka wanke maƙogwaron iska. Ka duba ko injin yana shan mai ko yana hayaƙi.

Da na yi wa tawa waɗannan kaɗai, wani abokina ya tuƙa ta zuwa Wamakko ya dawo yana rantsuwa na ƙara mata wani abu a inji. Ban ƙara komai ba, fulogi huɗu ne na asali da sabon famfon mai.

Mai Honda kuma ya buɗe kunne. Kowa ya taɓa ganin EOD a bakin titi ta cire ƙafa, taya ta kwanta a gefe. Bol-join na ƙasa ne ke ɗauke da nauyin gaban motar, in robarsa ta yage ƙura ta shiga, giris ya bushe, wata rana sai ya fita ba sallama. In ya fita kana tafiyar 20 a shataletale, kunya ce kawai. In a hanyar Gusau ne, sai dai mu ce Allah ya kiyaye. Ka canja shi da mai kyau tun kafin ka yi tunanin ado.

Makanikina ya ce a cire tamostat (bawul ɗin da ke daidaita zagayen ruwan inji gwargwadon zafinsa) a haɗa fanka kai-tsaye, saboda zafin garinmu. Gaskiya ne?

Wannan ita ce tambayar da na fi shan musu a kanta, har da dattawan makanikai da suka girmi mahaifina a sana'a. Na san inda maganar ta samo asali. A zamanin Peugeot 504 da kafireto, cire tamostat ba ya tayar da wata babbar fitina. Motar yanzu kuwa ƙwaƙwalwa gare ta, kuma an ƙera injinta ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In ka cire tamostat, injin zai daɗe bai kai wannan zafin ba, musamman da safiyar hunturu da kan doguwar hanya. Ƙwaƙwalwar sai ta ɗauka har yanzu inji da sanyi, ta riƙa zuba fetur fiye da kima. Mai ya ƙare da wuri, fulogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke baƙin mai daga bangon silinda. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba na jin akwai mai sha'awar motarsa ta sha ta zubar.

Motar da ke obahitin tana da dalili: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya ci, ko fanka ba ta tashi, ko gasket ya fara ƙonewa. Cire tamostat rufe ciwo ne da tsumma.

Abin da ya kamata ka yi wa zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kusan kullum, shi ne ka sa sabon lagireto mai layi biyu, sabon murfi, sabon tamostat, ka tabbatar fankokin biyu suna tashi da kansu. Sannan ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Ruwanmu yana da farar ƙasa a ciki, ba banza aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina ba. Dubi farin da ke daskarewa a gindin butar shayi, irinsa ne ke toshe siraran bututun lagireto. Ka haɗa kulan, wato sinadarin sanyaya inji, da tataccen ruwa rabi da rabi. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100, wannan haɗin kuwa a ƙarƙashin murfi mai kyau yakan wuce 120 bai tafasa ba, ga shi yana hana tsatsa.

In motarka otomatik ce kuma kana son takura mata, ƙaramin lagireton man giya ya fi maka duk wani kayan ado da za ka saya.

Matatar iskan nan mai siffar mazurari fa? An ce tana ƙara gudu.

Ƙara take ƙarawa, ta kunne. Na sa ta wata uku na cire.

Inji iska mai sanyi yake so, domin duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage nauyin iskar da kusan kashi 3 cikin 100, ƙarfi kuma ya bi shi. Akwatin iyakilina na asali, wato gidan matatar iska, daga waje yake jawo iska. Mazurarin kuwa a buɗe yake cikin bonet, yana shaƙar hucin inji da na lagireto. Ga matsala ta biyu wadda Bature mai tallarta bai san da ita ba: ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazon da ke sa ka rasa ganin ƙarshen titin Ahmadu Bello yana ratsa irin wannan matatar fiye da yadda yake ratsa ta takarda, ya shiga silinda ya riƙa goge ta kamar yashi. Man da ake shafa mata kuma yana ɓata sensar iska a motocin da ke da ita. Ka bar akwatin asali, ka riƙa sa matatar takarda mai kyau, ka canja ta da zarar hunturu ya wuce.

In cire indomi in sa salansa mai ƙara?

Indomin da ke cikin salansa aikinsa tace guba daga hayaƙi. A ciki akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom, shi ya sa wasu ke kwaɗaitar da kai a cire, su kuma su sayar. Wani mai walda ya taɓa yi mini haka ba da sanina ba, na kai a liƙe ɗan tsagu, na dawo mota tana warin ɗanyen mai, fitilar inji ta kama. In dai bai toshe ba, ka bar shi.

Tukunyar baya kana iya canjawa don murya. Amma kada a sa maka bututu mai faɗin gaske. A injin lita 2 zuwa 2.4, inci 2.25 zuwa 2.5 ya wadatar. In ya zarce haka, motar za ta yi sanyin tashi, sai ruri kamar za ta tashi sama alhali Keke Napep na wuce ta. Ka kuma tuna za ka fita sallar asuba, kuma maƙwabcinka yana da jariri.

Zan iya ɗaura turbo a gida? Ko a taɓa mini ƙwaƙwalwar motar?

Ɗaura shi da ƙusoshi ba shi ne wahalar ba. Turbo yana cusa iska da yawa, don haka dole a ƙara fetur daidai da ita: manyan nozul, famfon mai mai ƙarfi, na'urar sanyaya iskar, bututun baƙin mai zuwa turbo da dawowa, kuloci mai riƙo, sannan a sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwa a kan na'urar gwajin ƙarfin inji. In lissafin ya kuskure kaɗan, fistin ke narkewa.

Sai maganar man da muke sha. A Turai mutum yana zaɓar fetur mai lamba 95 ko 98. Mu iri ɗaya ne a famfo, wani lokacin ma na bumburutu a galan. Injin da aka matsa wa da turbo, ga iska mai zafi, ga mai mara ƙarfi, zai riƙa ƙonewa tun kafin lokaci, ka ji yana ƙyal-ƙyal kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ce ajalin inji. Saboda haka duk wani lissafin ƙwaƙwalwa da aka sauko da shi daga intanet, wanda aka rubuta don man Jamus da sanyin Jamus, ba naka ba ne.

In turbo ne ya shiga ranka, sayi wadda aka haifa da shi, kamar Golf 4 mai 1.8T ko Golf 5 GTI mai doki 200, ka kula da ita yadda take.

Rim mai inci nawa zan sa?

Ƙara inci ɗaya a kan na asali, ka tsaya. Ka'idar ita ce tsayin taya gaba ɗaya kada ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin 100, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, taya ta riƙa gugar jiki. Misali, 205/55 R16 tsayinta wajen milimita 632 ne, 225/45 R17 kuma 634, ka ga sun yi daidai. Lambar tsakiyar ita ce kaurin gefen taya. In ta sauka ƙasa da 45, rami ɗaya a hanyar Dange ya isa ya lanƙwasa rim ya fasa taya.

Ramukan ƙusa ma ba ɗaya ba ne. Accord 5×114.3 ce (ramuka biyar, faɗin da'irarsu milimita 114.3), Mercedes 5×112, E46 kuma 5×120. Na 112 da na 114.3 sun yi kusa har mai sayarwa zai ce maka “ai yana shiga, Alhaji”. Yana shiga, amma a karkace ƙusar take zama.

Tayar kanta ta fi rim muhimmanci. A gefenta akwai lambobi huɗu bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar tayar Beljiyam da aka yi don ƙanƙara, a ɗora ta kan kwaltar da ke ƙona tafin ƙafa, ita ce ke fashewa a kan gudu. Harafin ƙarshe bayan lambar girman taya kuma iyakar gudunta ne, kilomita a awa: T 190, H 210, V 240. Sabuwar taya mai kyau a kan rim na asali ta fi tsohuwa a kan rim mai walƙiya, nesa ba kusa ba.

Ina son ta kwanta ƙasa.

Kada ka yanke sifirin, kada kuma a gasa shi da wutar walda. Sayi wanda aka ƙera don motar, mai sauke ta milimita 25 zuwa 30, tare da shokozobar da ta dace da shi, sannan a yi alaimen. Kafin ka saya, ƙirga tudun rage gudu nawa ne tsakanin gidanku da wurin aikinka, ka kuma tuna yadda lungunku yake komawa a watan Agusta. Kaskon baƙin mai shi ne ke fara gaisawa da ƙasa.

Birki fa, sai na sa manya?

Ba dole ba. Fad mai kyau, faifan da bai ci ba, da sabon man birki sun ishi mai tuƙin titi. Man birki yana tsotsar danshi, yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, don haka a juye shi duk shekara biyu. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana tafasa a digiri 205, DOT 4 a 230, kuma in ya tafasa sai ka taka ka ji fedar ta tafi ƙasa fayau. DOT 5 dabam yake, ba a haɗa shi da sauran. Fenta kalifa, wato matsar fad ɗin birki, ja ba ya ƙara riƙo, amma ni ma na fenta tawa, ba zan hana kowa ba.

Wane kayan aiki nake bukata, kuma me ba a yi a gida?

Akwatin soket da sifanu daga lamba 8 zuwa 19, jak mai taya, matokaran ƙarfe guda biyu aƙalla, mita ta auna wuta, sifana mai awon ɗauri (ƙusar tayar Accord 108 Nm take so, ba tsallen yaron mai faci a kan wilsifana ba), da tukunyar kashe gobara. Sai ɗan abin nan ELM327 da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari ya haɗu da waya. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wannan soket, ta Turai mai fetur daga 2001. Shi zai karanta maka dalilin kamawar fitilar inji, ya nuna maka ainihin zafin ruwa da lamba.

Kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, kada kuma ka tokare ta da bulon siminti, yana rugujewa ba gargaɗi. Ƙasarmu rairayi ce, sai ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin matokarin. Cire kan batir na baƙar waya kafin ka taɓa wuta ko bututun mai. Wayoyi masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne, a bar su. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji. Kulan yana da zaƙi kuma guba ne, a ɗauke shi daga inda yara da awaki suke.

Matse sifirin, buɗe giyabos na otomatik, walda kusa da tanki, alaimen da gas ɗin AC, waɗannan na masu sana'a ne. Ina da wani dattijo da nake kai wa irin su. Duk ranar da ya gan ni sai ya ce, “Ɗana, wagga mota lahiya lau take, mi kaka son taɓa mata kuma?” Sau da yawa shi ke da gaskiya.

Ina ake samun kaya?

Na yau da kullum akwai su a cikin gari. Abin da ya gagara, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas. Ka tura lambar kayan da hoton tsohon, a turo maka hoton wanda za a sako a mota kafin ka biya. Bamba, fitila, ƙofa, har inji, na Beljiyam ba laifi. Bol-join, bel, fad da tiyon birki kuwa sababbi.

Fenti da leda da fiffiken baya?

Kada ka yi fenti a tsakar gida: ƙura za ta zauna a kai, tururinsa kuma yana cutar da huhu. Ledar da ake liƙawa tana saurin ƙonewa a rufi da bonet in mota na kwana tana wuni a rana. Baƙar mota kyakkyawa ce a hoto, a Sakkwato kuwa tanda ce. Fiffike a but ɗin motar da tayoyin gaba ke ja ado ne kawai, in ka huda but ka toshe ramin da kyau saboda damina.

Me hukuma za ta ce?

Launin mota da lambar inji suna cikin takardunka. In ka canja ɗaya, ka je ofishin lasisi a gyara, ka kuma adana rasiɗin injin, domin a shingen hanya ba a sauraron “wallahi saya na yi”. Gilashi mai duhu yana da doka tun 1991, izininsa a hannun 'yan sanda yake. An dakatar da bayarwa a 2021, aka dawo da maganar a 2025. Jiniya da fitilar ja da shuɗi ba na farar hula ba ne. Lambar mota a bar ta yadda aka bayar, ba rufi ba ado. Farin ƙwan fitila mai kashe ido da ake cusawa cikin gidan fitilar da ba nasa ba, VIO ko 'yan Road Safety ba su tare ka ba ma, ka tausaya wa ɗan kabu-kabun da ke tahowa.

To a ina zan gwada gudunta?

Iyakar gudun ƙaramar mota 50 ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya na gudu. Bayan wannan ba ni da wurin da zan nuna maka a kan titin jama'a. Bypass da dare yana yaudara, ka gan shi fayau, sai ga raƙumi ko amalanke ko tirelar siminti ba fitilar baya.

Wasan mota a wurin ɗaurin aure kuwa ba na zuwa, ba na ba da aron motata. Juyi a tsakiyar taro, yara sun yi da'ira, taya guda ta fashe ko hannu ya kuɓuce, shi ke nan an mai da gidan biki gidan makoki. Wanda ya kwana uku yana daidaita ƙafar motarsa da hannunsa ba ya yarda ya ƙone tayoyinta a minti biyar don a yi masa tafi.

In na tashi sayarwa, kuɗina zai fito?

Ba zai fito ba. Dillali yana ganin salansa mai ƙara da mota a kwance zai ce yaro ya wahalar da ita, ya rage. Shi ya sa duk abin da na cire na asali nake wanke shi in ɗaure a buhu in rubuta suna. Sifirin huɗu, tukunyar salansa da rim ɗin asali suna nan a ɗakin ajiya, a bayan buhunan gero. Uwargida ta tambaye ni sau uku yaushe za a kira 'yan gwangwan su kwashe, na ce mata tukuna.